Tsakanin Kalli Da Kwata

Duk wanda ya san rayuwar bakin ruwa a ƙasashenmu, ko a Yauri ne a kan tafkin Kainji, ko a Baga a gaɓar tafkin Chadi, ko a fadamun Haɗeja da Nguru, ko kuwa a Gaya inda kogin Kwara yake shirin barin Jamhuriyar Nijar, ya san cewa daga watan Maris har zuwa saukar damina, lokacin da zafin rana yakan haura digiri 40 kuma ruwa ya ja da baya ya tattara kifi a gurabe kaɗan, a nan ne masunci yakan sami kamu mai auki, kuma a nan ne yakan yi asarar da ta fi kowace ciwo, watau asarar abin da ya riga ya shiga hannu. Mutum ya kwana a kan ruwa, ya sayi man inji da tsada, ya ɗauki nauyin yaran jirgi, Allah Ya hore masa rabonsa, sa'an nan kafin ya iso kwata rana ta ci wani kaso mai tsoka na darajar kayansa, har dillalin da jiya yake roƙonsa yau ya taya masa abin da ya ga dama, domin su biyun duka sun san kifin ba zai kai la'asar ba.

Abin da nake son in kafa hujja a kansa shi ne, mun daɗe muna neman maganin wannan asara a inda ba nan take farawa ba. Hukumomi da ƙungiyoyin agaji da mu masu rubutu, idan aka tayar da zancen adana kifi, hankalinmu yakan tafi ga murhun banda da rumfar shanya da motar da za ta kai kaya Anaca, alhali kuwa hukuncin kifi an riga an yanke shi tun a cikin ruwa da cikin jirgi, a 'yan sa'o'in nan da ke tsakanin mutuwarsa da isowarsa tudu. Hukumar Abinci da Aikin Gona ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta ƙiyasta cewa kimanin kashi 35 cikin ɗari na kifin da ake samu a duniya yana salwanta bai shiga cikin kowa ba. Mu kuma a Nijeriya, inda abin da muke kamawa da wanda muke kiwo a haɗe bai wuce tan miliyan ɗaya da 'yan kai a shekara ba, sai mun cika da kifin ƙanƙara da ake shigo da shi daga Turai da wasu nahiyoyi. Kuma abin baƙin ciki ne ƙwarai a ga wanda aka kamo daga tekun arewacin Turai ya iso kasuwar Kano lafiya lau bayan makonni a hanya, amma karfasar madatsar Tiga, wadda tsakaninta da birnin bai kai kilomita ɗari ba, ta iso cikinta ya saki.

Wajibi ne mu fahimci sababin ruɓar kafin mu yi zancen magani. Naman kifi mai rai tsarkakakke ne daga ƙwayoyin nan da ido ba ya gani, amma suna nan jingim a yauƙin fatarsa, da jajayen kunnuwan da yake numfashi da su, da cikin hanjinsa, suna jiran garkuwar jikinsa ta faɗi. Da zarar rai ya fita sai su fara kutsawa cikin tsoka, kuma wasunsu kan ninka yawansu cikin ƙasa da rabin sa'a idan ɗumi ya yi musu daidai. A lokaci guda kuma sinadaran da Allah Ya sanya masa a ciki domin narkar da abinci, tun da babu sauran abin da zai tsare su, sai su juya su kama narkar da bangon cikin kansa, wanda shi ne dalilin da ya sa kifin da aka kama a ƙoshe yake riga ɗan'uwansa fashewar ciki. Dukan waɗannan ayyuka zafi ne linzaminsu. Masana kimiyyar kifi sun auna sun ga cewa wanda aka ajiye a digiri 5 yana lalacewa da sauri ninki biyu a kan wanda ke cikin ƙanƙara mai narkewa, watau digiri sifiri, wanda ke digiri 10 kuwa ninki huɗu. To, sai mai karatu ya kwatanta da cikin kwale-kwale da tsakar rana a watan Afrilu. Karfasa ko giwan ruwan da za su yi mako biyu har uku cikin ƙanƙara suna da kyau, su ne ba sa cika yini guda a sarari. Kuma abin da ya tafi ba ya dawowa, domin sanyi da gishiri da hayaƙi iyakar ikonsu su tsayar da lalacewa a inda suka same ta.

Saboda haka mu fara da kalli, watau ragar da ake kafawa a ruwa ta maƙale kifi, wanda a ganina shi ne babbar ƙofar asara, kuma shi ne aka fi yin shiru a kansa. Al'adar mafi yawan masunta ita ce a shimfiɗa shi da magariba a dawo a ɗaga da safe, wani lokaci ma sai hantsi idan kallin yana da tsawo ko wurin da nisa. Kifin da ya faɗa tun bayan isha'i, zare ya shaƙe shi, ya yi ta fafutuka har ƙarfinsa ya ƙare ya mutu, zai kwana a rataye cikin ruwan da a bazara ɗuminsa ya kusa digiri 30, sa'a takwas ko goma, kafin hannun mutum ya taɓa shi. Irin wannan fafutukar kanta illa ce, gama kifin da ya mutu a galabaice yakan sanƙare da wuri ya kuma saki da wuri, kuma sakin nan shi ne farkon ruɓa. Masunta ba su jahilci wannan ba. Kowane yaro a tunga ya san kifin da ya kwana a mace, daga kunnuwansa da suka koɗe, da idonsa da ya faɗa ya yi hazo, da gurbin da yatsa yake bari a jikinsa idan an danna. Abin da ya rage shi ne a ɗauki sanin nan a mai da shi ƙa'idar aiki: a zagaya kalli sau ɗaya a tsakar dare inda hali ya yi, a ɗaga shi tun kafin rana ta fito, kuma kada mutum ya shimfiɗa tsawon da ya fi ƙarfin hannayen da ke jirginsa, don kuwa kallin da ake ɗaukar sa'a huɗu ana cire kifinsa, na farkon da aka cire yana kwance a rana duk tsawon lokacin.

Na san akwai uzuri, kuma ba na raina shi. Yawo a kan ruwa da dare yana da haɗari, ga dorina a wasu sassan Kwara, ga igiyar ruwa idan iska ta taso, ga kuma halin rashin tsaro a tafkin Chadi, inda shekaru da dama fita da dare ba ta hannun masunci. Inda uzurin ya tabbata, sai a nemi sauƙi ta wajen kayan aiki, domin gura, watau tarkon kifi, tana riƙe kifi da ransa har a zo, mamari ma, watau igiya mai ƙugiyoyi, sau da yawa akan tarar da tarwaɗarsa tana motsi. Tarwaɗa da gaiwa kuwa, waɗanda aka halitta su da ikon shaƙar iska, babu dalilin kashe su a kan ruwa ko kaɗan. Rabin duro da ɗan ruwa da murfi mai huji, a inuwa, a riƙa sauya ruwan, ya isa ya kai su kasuwa da rai, kuma mai rai ba ya bukatar ƙanƙara ko itace.

Sa'an nan sai cikin jirgin. A nan ne nake ganin sakacin da ba talauci ne ya jawo shi ba, kuma gyaransa ba ya cin ko sisi. Ƙasan kwale-kwale matattara ce ta ruwan da ya yoyo, da jini da yauƙin kifin jiya da na shekaranjiya, da ɗigon fetur da baƙin mai daga inji, kuma cikin wannan ruwa mai ɗumi ake jefa sabon kamu, a tattaka shi da ƙafa ana kai da komo, a ɗora wani a kan wani har na ƙasa ya murƙushe. Duk inda fata ta yage ko tsoka ta daku, ƙofa ce aka buɗe wa ruɓa. Kifin da ya sha fetur kuma ko an banda shi warin ba ya barinsa. Da za a jera 'yan sanduna ko gwangwala a ƙasan jirgi a ɗora kwanduna marasa zurfi a bisansu, a wanke jirgin da kwandunan kowace rana a bar su su bushe a rana, a kafa 'yar rumfa ta zana ko tabarma a kan wurin kifi, a lulluɓe shi da tsabtataccen buhun algarara da ake yayyafa wa ruwa a kai a kai, da an sayi sa'o'i masu daraja da abin da ke hannu. Jiƙaƙƙen buhu yana sanyaya abin da ke ƙarƙashinsa ne ta hanyar tashin danshi, kuma ya fi aiki a busasshiyar iskar Maris da Afrilu, daidai lokacin da aka fi bukatarsa. Amma kada a ɗora masa abin da ba zai iya ba, don 'yan digirori kaɗan yake ragewa, kuma idan aka naɗe kifi cikin leda maimakonsa, zafi aka tara masa.

Babban kifi, irin giwan ruwa da ragon ruwa da yauni da bargi, hakkinsa ne a gaggauta kashe shi da bugu ɗaya a ka, wanda ya fi kusa da ihsanin da addini ya umarce mu da shi ga dabba, kuma ya fi kyau ga naman. Sa'an nan a zubar da jininsa, a farke cikin a fitar da hanji da kunnuwa ba tare da an fasa matsarmama ba, a ɗauraye. Sai dai akwai sharaɗi a nan wanda masu wa'azin tsabta kan manta: farke ciki da ƙazamar wuƙa, a wanke da ruwan bakin kwata inda ake wanki da shayar da dabbobi, ya fi barin kifin a rufe muni. A yi aikin a tsakiyar ruwa, inda ya fi tsabta, ko kuwa a bari. Ƙananan kifaye kuma ba mai iya bin su ɗaya ɗaya; nasu maganin shi ne inuwa da gajarta tafiya. Wanda kuma ya san zai kwana biyu ko uku a tsibiri bai ga kasuwa ba, ya tafi da gishiri, ya tsaga kifin ya barbaɗa kimanin kilo ɗaya na gishiri ga uku na kifi, ya jera yadda ruwan zai tsiyaye. Dabara ce tsohuwa wadda mutanen gaɓar teku suka rayu da ita ƙarnoni, mu kuwa ba mu ba ta hakkinta ba saboda bakinmu ya fi sabawa da banda.

Duk waɗannan jinkiri suke sayowa, na sa'o'i. Abin da yake sayo kwanaki shi ne ƙanƙara, kuma a kanta nake son in daɗe. Sirrinta yana cikin narkewarta: kowane kilo ɗaya, kafin ya zama ruwa, sai ya zuƙe zafin da zai iya ɗaga kilo ɗaya na ruwa daga sifiri zuwa digiri 80, kuma muddin da saura ba ta narke ba, tana riƙe abin da ke jikinta a kusa da sifiri, ba ta daskarar da naman ba, ba ta kuma bar shi ya bushe ba. A lissafi, sulusin kilo ya isa ya sauko da kilo ɗaya na kifi daga digiri 30 zuwa sifiri. Sauran duk yaƙi ne da zafin da ke shigowa daga waje, shi ya sa a ƙasashe masu zafi ake cewa kilo na ƙanƙara ga kilo na kifi, a ƙara idan tafiyar da nisa. Daga wannan lissafi mai hankali zai gane cewa akwati ya kusa fin ƙanƙarar muhimmanci. Kula mai kyau tana da tsada, gaskiya ne, amma kafinta na ƙauye zai iya yin akwati mai bango biyu a cusa ƙaiƙayin shinkafa ko garin katako a tsakani, a shimfiɗe cikinsa da abin da ruwa ba ya ratsawa, kuma mataccen firjin da aka jefar a birni yana yin wannan aiki sarai a cikin babban jirgi.

Yadda ake sa ta ma ilmi ne. Dunƙulen ƙanƙara guda a ɗora a kan tulin kifi ba ya sanyaya sai wanda ya taɓa. A tafi da ita a dunƙule, a lulluɓe cikin garin katako don kada ta narke a hanya, sa'an nan idan kifi ya samu a farfasa ta ƙanana, a shimfiɗa a ƙasan akwati, a jera kifi, a zuba a tsakaninsu da cikin waɗanda aka farke, a sake jerawa, a rufe da ita a sama mai kauri. Lalle ne akwatin ya kasance da huji a ƙasa, domin ruwan da ya narke yana wanke yauƙi da jini yana gangarowa da su, idan kuwa ya taru, na ƙasa yana jiƙe ne cikin ƙazanta. Kuma a sa kifi a ciki tun yana sabo, cikin sa'ar farko, kada a jira a gama kamu. Ƙanƙarar da aka zuba wa kifin da ya riga ya yini a rana, asarar kuɗi ce a kan asarar kifi. Ruwan da aka yi ta da shi kuma ya zama wanda mutum zai iya sha, gama sanyi ba ya kashe ƙwayoyin cuta, kwantar da su kawai yake yi.

A nan ne mai suka zai ce, kuma da gaskiyarsa, ina masuncin tunga zai ga ƙanƙara? Madatsar Kainji tun 1968 take ba ƙasa wutar lantarki, amma ƙauyukan masunta da yawa a gaɓar tafkin ba su da wutar da za a dogara da ita; Baga kuwa kusan kilomita 200 take daga Maiduguri, kuma tun da aka janye tallafin man fetur a 2023 ƙanƙarar da ake yi da janareta ta ƙara tsada. Amsata ita ce, wannan hujja tana nuna cewa al'amarin ya fi ƙarfin mutum ɗaya, saboda haka ya zama farali a kan jama'a da hukuma, kamar rijiya da hanya. Ba kowane kwale-kwale ne zai ɗauki akwati ba, kuma ba a bukatar haka. A tafkin Biktoriya, inda giwan ruwan nan namu, wanda aka kai can a shekarun 1950, ya zama hajar da ake fitarwa zuwa Turai daga masana'antun Mwanza da Kisumu da Jinja, ƙananan masunta da yawa ba su da firji. Manyan jirage ne masu akwatunan ƙanƙara suke bin tsibirai suna saye suna sanyayawa nan take, motoci masu sanyi kuma suna jira a kwata. Ba su kai ga wannan tsari cikin daɗi ba, sai da Tarayyar Turai ta rufe musu kasuwa fiye da sau ɗaya tsakanin 1997 da 2000 saboda sha'anin tsabta da zargin kamun kifi da guba. Jirgi guda mai ƙanƙara wanda zai bi tungaye goma da sassafe, na ƙungiyar masunta ne ko na ɗan kasuwa, abu ne da ya dace da Kainji da Jebba da Shiroro, ya dace da tumbunan Chadi idan Allah Ya dawo da lafiya, ya kuma dace da 'yan'uwanmu Hausawa masu su a Lagdo ta Kamaru da Yeji a kan tafkin Bolta. Injin yin ƙanƙara mai aiki da hasken rana kuma yanzu ba labari ba ne, ana sayar da shi, kuma ranar da take ruɓar da kifin ita ce za ta ba shi wuta.

Ba ina rage darajar banda ba ne. Bandar tafkin Chadi ta ciyar da kudancin Nijeriya shekaru aru-aru, kuma za ta ci gaba, domin ita ce take jure doguwar tafiya da ajiya a gidan da ba firji. An kuma yi aiki na gari wajen kyautata murhu: wanda aka fito da shi a unguwar Chorkor ta birnin Akara a 1969 ya rage cin itace ƙwarai, na Thiaroye a Senegal da ya biyo baya ya rage dafin hayaƙin da ke manne wa nama, cibiyar binciken kifin ruwan daɗi da ke Sabuwar Busa ita ma ta ƙera nata. Amma murhu, komai kyansa, abin da aka ba shi yake mayarwa. Kifin da ya fara ruɓa idan aka banda shi sai ya yi ta ɗiga, ya ruguje a kan waya, ya fito da ɗaci, ƙuda ya fi binsa, ƙwaro ya fi saurin cinye shi a buhu, ya isa kasuwa rabinsa gari. Bandar irin wannan kifi daidai take da shafa farar ƙasa a bangon da gara ta cinye. Daga nan ne kuma wata musiba mafi girma take shigowa, domin wanda ya ga tsutsa ta kama kayansa shi ne yake kai hannu ga fiya-fiya da sauran magungunan ƙwari ya yayyafa, abin da hukumar NAFDAC ta sha yin gargaɗi a kansa game da kayan abinci, kuma wanda zai ci yaro ne ko mai ciki a wani gari da ba su san hawa ba ba su san sauka ba. Wanda ya tsare kifi a jirgi ya rage bukatar gubar tun daga tushe, ya kuma rage itacen da ake sarewa a ƙasar da hamada take matsowa.

Akwai wata fuska ta shari'a wadda ya kamata malamanmu na garuruwan bakin ruwa su riƙa taɓawa a wa'azi. Malaman Malikiyya sun tafi a kan cewa mushen ruwa halal ne, ba ya bukatar yanka, ko da an same shi ya taso a bisa ruwa, alhali Hanafawa sun hana wanda ya mutu da kansa ya taso. Wannan sauƙi ne da rahama, amma wasu sun fahimce shi kamar izini ne na sayar da kowane irin kifi a kowane hali. Halaccin asali bai ɗauke haramcin cutarwa ba, kuma fukaha'u ba su yi saɓani ba a kan cewa ɓoye aibin haja algus ne, mai saye kuma yana da zaɓin mayarwa idan ya gano. Jera masu kyau a saman kwando a ɓoye waɗanda suka saki a ƙasa, ko yayyafa wa na jiya ruwa don ya yi sheƙi, ko banda ruɓaɓɓe a cakuɗa da lafiyayye, duk suna ƙarƙashin wannan hukunci. Barin ni'ima ta lalace kuma, alhali da ikon tsare ta da rumfar zana da wanke jirgi, yana da rabo daga almubazzarancin da aka hane mu, ko da mai yin sa fakiri ne. Kuma kifin da aka fitar daga ruwa aka zubar, an zalunci na baya, domin tafkunan nan ba sa ƙaruwa. Tafkin Chadi da ya kai kimanin murabba'in kilomita 25,000 a farkon shekarun 1960 ya tsuke ƙwarai bayan farin 1973 da na 1984, masu jefa kalli a cikinsa kuwa sun ƙaru.

Sai dai ba adalci ba ne a ɗora wa masunci dukan laifi, kuma wa'azi kaɗai ba zai sa shi sayen ƙanƙara ba. Da yawansu da bashin fatake suke fita. Uban gida ne ya sayi kalli da inji, shi ne kuma yake karɓar kamu a farashin da ya yanka, da kwando ko da daro, ba tare da bambanta wanda aka kula da shi da wanda aka taka ba. Mutumin da zai kashe kuɗi da barcinsa ya kawo kifi mai jan kunne da ido garau, sa'an nan a biya shi daidai da maƙwabcinsa da ya kawo mai sakakken ciki, ba zai maimaita ba, kuma hankali yana tare da shi. Har wa yau masu saye a kasuwanninmu da dama sukan ƙi kifin da aka farke, suna zaton don ya lalace ne aka cire cikin, wasu kuma suna ganin na ƙanƙara bai kai wanda ke kwance a faranti a rana sabunta ba, alhali sau da yawa akasin haka ne. Wannan jahilci namu ne mu masu ci, kuma mu ne za mu gyara shi da kuɗinmu, ranar da uwargida za ta buɗe kunnen kifi ta duba, ta danna jikinsa, ta yarda ta ƙara wani abu a kan wanda ya ci jarrabawa.

Sarakunan ruwa, waɗanda Sarkawa da sauran masunta suke jin maganarsu tun kaka da kakanni, kuma waɗanda a Argungu aka ga suna iya hana kowa taɓa ruwan Matan Fada har ranar da aka buɗe shi, suna da ikon da ma'aikacin gwamnati ba shi da shi. Su da sarakunan kasuwa da shugabannin ƙungiyoyin dillalai za su iya zama su yanke cewa a kwatarsu kifi daraja biyu ne da farashi biyu, a kuma hana zubar da kamu a ƙasa, a kafa dakali mai rumfa da ruwa mai tsabta inda za a riƙa ciniki. Gwamnatocin Kebbi da Neja da Borno da Yobe da Jigawa kuma, da na jihohin Doso da Difa a ƙetaren iyaka, idan sun tashi rabon kayan tallafi na gaba, ina roƙonsu su rage yawan kalli da injin da suke rabawa, waɗanda suke ƙara kamu a ruwan da ya riga ya gaji, su sa kuɗin a injin ƙanƙara guda a kowace babbar kwata da akwatuna da jirgin tarawa. A miƙa shi ga ƙungiyar da masunta da mata masu banda da dillalai suke da wakilci a cikinta, a sayar da ƙanƙarar da kuɗi ko da kaɗan ne, kada a ba da ita kyauta, a riƙa karanta lissafin shiga da fita a bainar jama'a kowane wata, kuma a rubuta tun ranar buɗewa wane ne zai gyara injin idan ya tsaya, da kuma asusun da za a sayi batir daga cikinsa idan na farko ya mutu.